Ranar da Hannatu Ta Karɓi Kayanta

Duk Bahaushen da ya zauna a Kuala Lumpur a shekarun nan, in dai yana kewar tuwo, ya san Malama Hannatu. Ba don iliminta aka san ta ba, ko da yake akwai ilimin, tunda malamar kimiyya ce a wata kwalejin horar da malamai a Kano, gwamnati ta turo ta digiri na uku. Don miyar kukarta aka san ta. Digirin da aka ce shekara uku ne ya miƙe ƙafa ya ƙi ƙarewa, tallafin karatu ya tsaya, sai ta ɗora tukunya a ɗan gidan da take haya a gefen Kampung Baru. Ɗalibai su bugo su ce, “Malama, a yi mana tapau ɗin tuwo biyu,” ta ƙulle musu a roba, mai babur ya kai.

Doguwar mace ce marar yawan magana, mijinta ya rasu tun kafin ta zo ƙasar. Ba ta shiga harkar mutane, mutane kuma sukan ce girman kai ne, alhali kunya ce irin ta mutanen da, wadda aka dafa ta da ita tun tana ƙarama.

Akwai wani saurayi da yake zaune tare da ita, Alkasim, ɗalibi a wata kwaleji mai zaman kanta. Yana ce mata Yaya, ita kuma tana ce masa Ɗan Iya. Kowa a garin ya ɗauka ƙanenta ne, ita ma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiyar magana ita ta haife shi. Ɗan farinta ne, ta same shi tana ajin farko a jami'a, kuma ranar da aka yaye shi mahaifiyarta Iya ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Gwammaja. A can ya tashi cikin ƙannen Hannatu, ya ji suna ce mata Yaya, shi ma ya bi sahu. Ya san wadda ta haife shi sarai, ba wanda ya ɓoye masa. Ba a dai faɗa ne. Hannatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cewa “ɗana” ba, ko ido ba ta haɗawa da shi in akwai mutane.

Iya kuwa tsohuwa ce mai barkwanci, kuma tana da wata magana da take maimaitawa duk sanda ta ga su biyun a wuri ɗaya. Sai ta dafa kan yaron ta ce, “Wannan kayana ne. Ranar da kuka kai ni makwancina, ki zo ki karɓi abinki. Kafin nan ko kallonsa kika yi sai na ci ki tara.” A yi dariya, Hannatu ta tashi ta bar ɗakin, Alkasim ya sunkuyar da kai. Ya ji maganar nan ba iyaka, tun yana wasan ƙasa har ya fara gemu. Ko ranar da zai hau jirgin Malesiya sai da Iya ta bugo wa Hannatu ta ce, “Aro na ba ki, ki dawo mini da kayana lafiya.”

To aro ya zo, amma wanda aka ba wa aron bai san yadda ake riƙe shi ba. Yaron ya haɗu da wasu abokai masu zaman mamak, waɗancan shagunan shayi na Indiyawa da ba sa rufewa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hannatu tana gani, bakinta ya kasa. In ya yi laifi sai ta kira Kano, ta miƙa masa waya ta shige kicin, Iya ta yi masa faɗan daga can. Faɗan da ya ratso teku kafin ya iso ya huce. Karo na farko wayar wani ya ɗauke a shago, aka ci shi tara. Karo na biyu faɗa aka yi ya fasa wa wani kai da kwalba, ya yi 'yan makonni a tsare. Duk biyun ya amsa laifinsa, ya fito, ya yi kuka a waya, Iya ta yafe masa.

Na ukun ne bai zo da sauƙi ba. Shi da wani abokinsa a kan babur suka fizge jakar wata mata a bakin shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Matar ta riƙe jakarta, abokin ya zare wuƙa, ta faɗi ta karye a kafaɗa. Abokin ya gudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba, aka kama Alkasim da babur. Ba za a ce zalunci aka yi masa ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Hannatu da kanta ba ta taɓa cewa bai yi ba.

Ranar yanke hukunci ta je kotun, ta zauna a kujerar ƙarshe. Alƙali ya tambaye shi ko yana da abin faɗa kafin a yanke. Ya ce mahaifiyarsa tsohuwa ce marar lafiya a Najeriya, a nan ba shi da kowa sai yayarsa. Iya yake nufi, kuma a wurinsa ba ƙarya ya yi ba. Alƙali ya duba tarihinsa ya ce da wannan ne na farko da shekara biyar zai ba shi, amma mutum ne mai laifi biyu a baya, kuma babu iyaye a kusa da za su tsawata masa. Ya ba shi shekara tara da bulala shida. Hannatu ta ji lokacin da aka ce babu iyaye a kusa. Ta gyara mayafinta, ta fita, ta hau jirgin ƙasa ta koma gida, domin akwai waɗanda suka yi odar abincin rana.

Bulalar gidan yarin ƙasar nan ba irin ta makarantar allo ba ce. Sanda ce mai kauri da ake jiƙawa, tana fasa fata, tabonta kuma har kabari. An gaya mata ba za a yi masa ba sai an gama sauraron ɗaukaka ƙara, don haka aka shigar da ƙarar, aka zauna jira.

Ana cikin jiran korona ta shigo. Aka kafa dokar kulle, sojoji da 'yan sanda suka tare hanyoyi, masallatan Kampung Baru suka koma kiran salla ba mamu. Aka hana ziyarar gidan yari. Sai ga azumi, a daidai lokacin da tsofaffi suke ta faɗuwa a Kano, kullum in ka buɗe waya sanarwar rasuwa ce. Wata ranar da la'asar ƙanenta Badamasi ya bugo, tana tsaka da tuƙa tuwon buɗa-baki. Ya ce, “Yaya, sai haƙuri. Iya ta cika, har mun kai ta.” Ta yi salati, ta ce Allah Ya jiƙanta, ta ajiye wayar. Ta duba tuwon ta ga zai yi gudaji in ta bar shi, sai ta ci gaba da tuƙawa.

Ba jirgi, ba zaman makoki, ba wanda zai zo ya zauna kusa da ita a tabarma. Gaisuwa ta yi ta shigowa a waya tana amsawa. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo wani irin mutuwar jiki ne, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ka taɓa ta ka ji kamar ta wani ce. Tana ci, tana salla, tana dafa wa mutane abinci, amma ko ƙuna ta yi a hannu sai ta ga tabon kafin ta tuna ta ƙone.

Jifa-jifa akan bar fursunoni su buga waya. Alkasim in ya bugo, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce. “Yaya, ya jikin Iya?”

“Tana gaishe ka,” in ji Hannatu.

Ita da Badamasi sun yi shawara ba za a gaya masa ba. A ina aka taɓa kai wa mutum rasuwar uwa ta waya, yana kulle cikin baƙin mutane, ba mai dafa kafaɗarsa? Sai ya fito, ko aƙalla sai an buɗe ziyara. Haka gaisuwar Iya ta yi ta zuwa gidan yari fiye da shekara, mai gaisuwar tana ƙarƙashin ƙasa.

Da aka sa ranar sauraron ƙarar, lauyan ya ce ta zo ofishinsa. Sunansa Mista Selvam, Ba'indiye mai furfura, ofishinsa a saman wani shagon furanni a Brickfields. Hajjo ce ta raka ta, matar wani ɗalibi 'yar unguwarsu a Kano, wadda ita kaɗai a duk garin ta san asalin zancen. Hajjo kuwa Allah Ya yi ta ba ta iya riƙe magana, in ta shiga bakinta sai ta fito.

Lauyan ya yi musu bayani ta bayan takunkumin fuskarsa. Ya ce batun a wanke shi daga fashin kada ta sa rai, shaidu sun gan shi. Abin da za a iya taɓawa shi ne ƙarin da aka yi masa saboda laifukan baya, da kuma bulalar. “Matsalar ita ce alƙalin farko ya ga yaro ba shi da kowa,” in ji shi da Turanci. “Da a ce mahaifiyarsa tana ƙasar nan, ta tsaya ta ce ni zan karɓe shi in mayar da shi gida, da na sami abin riƙewa. Yayarsa dai, to, boleh lah, ba laifi, amma ba ɗaya ba ne.”

Hajjo ta dubi Hannatu, Hannatu ta dubi ƙasa. Hajjo ta ce, “Barrister, ga mother ɗin nan zaune a gabanka. Ita ta haife shi.”

Mista Selvam ya cire tabarau. Ya tambayi Hannatu ko gaskiya ne, ta ɗaga kai alamar e. Ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun a kotun farko. Ta buɗe baki, matar da take iya tsayawa gaban farfesoshi ta yi bayanin bincikenta da Turanci, ta rasa kalma ɗaya da za ta ba shi. Ta ce kawai, “Haka muke yi.”

“Why lah?” in ji shi. Ya girgiza kai, ya ci gaba. Ya ce zai gaya wa kotu, amma tunda yaron ya riga ya ce mahaifiyarsa tana Najeriya, mai shari'a za ta so ta ji daga bakinta. Ta kwamfuta za a yi zaman saboda annoba. Ita za ta zauna a nan ofishin, shi kuma za a haɗo shi daga gidan yari, zai ga komai ya ji komai.

A hanyar komawa Hajjo tana ta murna. “Malama, kalma biyu ce fa. Ki ce ɗana ne, shi ke nan. Kunyar me kuma, wuri ya ƙure.”

Hannatu ta ce, “Ba kunyar ba ce yanzu, Hajjo. In ya ji na faɗa, ya san Iya ba ta nan.”

Murnar Hajjo ta koma ciki. Ita ma ta san maganar tsohuwar, ta sha jin ta a Gwammaja.

Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, sandar nan za ta sauka a bayansa sau shida. In ta yi magana, ta kai masa rasuwar da ta shekara tana tarewa, a gaban alƙali da masu gadi, ta cikin gilashi, ba ta ko iya miƙa masa hannu. Ta yi ta juya abin a kwanakin da suka rage, tana yanka albasa, tana wanke tukwane. Abin mamakin shi ne ko tsoro ba ta ji ba. Ta auna su biyun kamar yadda take auna gari da ruwa, ta ga rasuwar ko ba jima ko ba daɗe zai ji ta, bulalar ce kawai ake iya hanawa.

Ranar zaman, da hantsi, suka zauna gaban kwamfutar lauyan. Fuskar kwamfutar ta rabu gida huɗu. Ga mai shari'a, wata dattijuwar Bamaleshiya da tabarau, ga lauyan gwamnati, ga su, ga kuma wani ɗaki mai farin bango. Aka shigo da Alkasim cikin kayan fursuna, an aske masa kai, takunkumi ya rufe rabin fuskarsa. Ya rame. Rabon da ta gan shi tun ranar hukunci. Ta kalle shi sau ɗaya ta kawar da kai, kamar yadda ta saba.

Aka yi ta magana, rabi Turanci rabi yaren ƙasar. Mista Selvam ya ce laifukan baya ƙanana ne, na ƙuruciya, bai kamata su kusa ninka hukunci ba, kuma ba shi ne ya riƙe wuƙar ba. Lauyan gwamnati ya ce wanda ya fasa wa mutum kai da kwalba ba ƙaramin laifi ya yi ba, ya tuna wa kotu matar da har yau ba ta iya ɗaga hannunta. Hannatu ta ji wannan, a ranta ta ce gaskiyarsa. Sai Mista Selvam ya ce mahaifiyar mai ɗaukaka ƙara tana nan zaune kusa da shi.

Mai shari'a ta duba takardun gabanta, ta ɗago. Ta ce ai an rubuta mahaifiyarsa tana Najeriya. Ta ce wa Hannatu ta sauke takunkuminta ta matso. “Mene ne tsakaninki da wannan yaron?”

Hajjo ta matse mata gwiwa ta ƙarƙashin tebur. Hannatu ta dubi ɗan farin ɗakin da ke kusurwar allo, wannan karon ba ta kawar da kai ba.

“Ni ce mahaifiyarsa,” ta ce da Turanci, murya a daidai kamar tana karanta sakamakon gwaji. “Alkasim ɗana ne, ɗan farina. Mahaifiyata ce ta raine shi, shi ya sa yake ce mata uwa. In ya gama zamansa ni zan karɓe shi in kai shi gida.”

Sunan ya fito mata baƙo a baki, ba ta taɓa jin sa da muryarta ba. A cikin allon Alkasim bai motsa ba. Idanunsa kawai ake gani a saman takunkumi, suna kanta. Can sai ya sunkuyar da kai a hankali, kafaɗunsa suka sauka.

Mai shari'a ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta karanta. Laifin fashi ya tabbata, ba za a taɓa shi ba. Laifukan baya suna nan, kotu ba za ta rufe ido a kansu ba, amma ƙarin ya yi yawa. Shekara tara ta koma bakwai. Bulala shida ta koma biyu. Mista Selvam ya sunkuya ya yi godiya, ya juyo yana raɗa mata cewa an yi nasara, ba kullum ake samun haka ba. Hajjo tana ta hamdala. Hannatu ta ji lambobin sun wuce ta kamar sanarwar tashar jirgi. Biyu dai za su sauka a bayansa.

Mai shari'a ta tambayi mai ɗaukaka ƙara ko ya fahimci hukuncin. Ya ce ya fahimta. Mai gadi ya dafa kafaɗarsa don ya tashi, sai ya matso kusa da na'urar ya yi magana da Hausa, a hankali, ba tare da ya ɗago ba.

“Yaya, yaushe?”

“Da azumi,” in ji ta. “Na bara.”

Ya gyaɗa kai. Ta ga takunkumin yana motsi, ta san salati yake yi. Mai gadi ya miƙa hannu, farin ɗakin ya ɓace daga allon, sauran ukun suka faɗaɗa suka cike gurbinsa.

Suka sauko ta cikin ƙanshin furanni, suka hau jirgin da ba kowa a ciki sai su da wani mai shara. Hajjo tana share hawaye da gefen hijabi, ita kuwa tana kallon gine-gine suna wucewa. Ta isa gida ta wanke hannu, ta ɗora ruwa, ta amsa wa masu oda cewa abinci zai ɗan makara yau.

Bayan mako biyu wayar gidan yari ta shigo, tana tsaye a kicin. Suka gaisa. Aka zo inda ya saba tambayar jikin Iya, sai layin ya yi shiru, tana jin hayaniyar masu jiran waya a bayansa. Ita ma ba ta da gaisuwar kowa da za ta isar masa.

“An yi mini bulalar,” ya ce. “Da sauƙi.” Sannan ya ce, “Ban san me zan ce miki ba yanzu. Yaya ko me?”

Hannatu ta sauke muciyar ta jingina da bango. Ta zame a hankali har ta kai ƙasa.

“Ka ce duk abin da bakinka ya iya, Alkasim,” ta ce. “Ka kwanta ruf da ciki, kada ka bari rigar ta manne da ciwon.”